Shawara ga malamai da iyaye kan damuwar matasa

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai da iyaye. Matasanmu da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko a kwalejin fasaha ta Ƙaura Namoda suna fama da nauyin jarrabawa, da tsadar rayuwa, da fargabar hanya, kuma cewa "ka yi haƙuri" kaɗai ba ya nuna musu yadda ake yin haƙurin.

Ku fara koya musu numfashi. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar da ita a hankali ana ƙirga shida, a maimaita na minti biyu ko uku, domin tsawaita fitar da numfashi yana rage saurin bugun zuciya. Ku gwada tare da su lokacin da hankali yake kwance, saboda wanda bai saba ba, ba zai tuna ba idan ransa ya ɓaci. Ku haɗa da koyarwar Manzon Allah (SAW) cewa mai fushi ya zauna idan yana tsaye.

Barci ma, a ganina, an fi raina shi. Matashi yana buƙatar awa 7 zuwa 9, amma goro da shayi mai ƙarfi bayan Isha'i, da latsa waya har tsakar dare, suna cinye su.

Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu, ko yaro ya fara shan tramadol, a kai shi wurin likita. Idan kuwa ya ambaci kashe kansa, a kai shi a ranar.