Ɗan Lettres a jami'ar Yamai, ga yadda za ka yi da masu raina karatunka

Ƙanena in ka ci bak A, wato jarrabawar ƙarshen lise ta ɓangaren adabi, ka tsallaka gadar Kennedy ka yi rajista a FLSH, sashen adabi da nazarin rayuwar ɗan Adam da ake ce wa Lettres, to ka shirya kunnenka, tun a layin resto za ka fara jin 'yan FAST, sashen kimiyya da fasaha, da 'yan likitanci da na EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, suna cewa wai gudun lissafi kuka yi, karatunku surutu ne kawai, ƙarshenta alli da kwantiragi a ƙauye. Tun lise abin ya faro, inda ake tura mai ƙoƙari seri C ko D na kimiyya, saura a ce su tafi A.

Kar ka yi fushi, kuma don Allah kar ka rama da kushe kimiyya, yaran nan suna shan wuya a labo, ka yarda da wannan tukuna. Sai ka tambaye su sunan wa jami'ar take ɗauke da shi. Abdou Moumouni malamin fizik ne, gwanin makamashin rana, amma shi ɗin ne ya zauna ya rubuta littafi guda kan ilimi a Afirka a 1964, tarihi da harsunan gida duk ya shiga cikinsu. Jami'ar Tahoua ma sunan masanin tarihi aka sa mata, Djibo Hamani.

Amma baki kaɗai ba ya kashe raini, aiki ne. Ka leƙa IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adu ta jami'ar, ka ga rubuce-rubucen hannu na larabci da ajami da ke jiran mai karanta su, ka nemi rahotannin LASDEL, cibiyar binciken zamantakewa da ke Yamai, kan asibitocinmu, nan za ka gane cewa in mace ta ƙi zuwa awon ciki saboda yadda ake karɓarta a likita, ko an gina famfo ya mutu don ba a daidaita wa zai kula da shi ba, to ɗan sosiyoloji ake aikawa ya zauna da mutane ya ji, kuma wallahi wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Gorin lissafin nan kuwa akwai gaskiya a ciki, kar mu ɓoye. Ka koyi Excel da ɗan ƙididdiga tun shekarar farko, in kana jogarafi ka kama taswirar kwamfuta da gaske. Hanya mai sauƙi ita ce musaya, ka samu ɗan FAST a ɗakin kwana ya nuna maka ƙididdiga, kai kuma lokacin memuwar, wato rubutun binciken kammala karatu, ka gyara masa faransancinsa da tsarin hujjojinsa kafin ya tsaya gaban malamai.