Darasi na Tara: Tallafi ne ko Bashi?

Da yawa daga cikinmu a birni muke kwana, amma gonar tana ƙauye: wani Kura, wani Gezawa, wani Dawakin Tofa. Da damina ta ƙarato sai ka ji ana cewa gwamnati ta kawo taki. To, kafin ka dangwala yatsa a kan kowace takarda, ka san abin da aka miƙo maka.

Tallafi kyauta ne, ba a biya. Rangwame shi ne gwamnati ta ɗauke wani kaso na kuɗin taki ko iri, kai ka cika sauran. Bashi kuwa sai an biya, ko da buhun taki aka ba ka ba tsabar kuɗi ba. Nan ne mutane suka fi ruɗewa. A shekarar 2015 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a jihar Kebbi. An ba manoman shinkafa iri da taki da maganin feshi, a kan su biya bayan girbi. Da yawa suka ɗauka rabonsu ne daga gwamnati, daga baya aka biyo su da takardar bashi. Abin da ciwo, domin wasunsu ba cin amana suka yi niyya ba, takardar ce ba su iya karantawa ba.

Ina za ka nemi bayani? Fara da malamin gona na yankinku, ko ofishin KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kano. Rance kuma akwai Bankin Manoma. Galibi an fi sauraron ƙungiya mai rajista a kan mutum ɗaya. Ka tafi da lambar NIN da BVN da lambar wayarka, kuma kada ka damƙa su ga dillali.

Akwai kuma taimakon da ba na buhu ba, na raya ƙasar kanta. Shirin ACReSAL, da Bankin Duniya ke mara wa baya a jihohin Arewa 19 da Abuja, yana aikin tare zaizayar ƙasa da dashen itatuwa. Idan an raba dashe, karɓi ka shayar da shi, ka kange shi daga awaki. Gawon da ka tarar a gonarka ma ka bar shi: da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya zama taki.

Aikin aji

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: tallafi, rangwame, bashi, ƙungiya.

Buhun taki naira 40,000 ne, an yi rangwamen rabi. Nawa za ka biya a buhu uku?

Gobe kowa ya zo da tambayoyi biyu a rubuce, waɗanda zai yi wa malamin gona kafin ya sa hannu.