Kurakuran da Masu Farautar Tashoshin Rediyon Ɓoye Suka Fi Yi

Wanda ya saba kama BBC ko Muryar Amurka a gajeren zango, ranar da ya fara neman tashoshin da ke watsa shiri ba lasisi yakan ɗauka su ma haka suke. Daga nan kuskure ke farawa. Manyan gidajen nan suna harba murya da ƙarfin kilowat 250 ko 500, a lokacin da kowa ya sani. Tashar ɓoye kuwa sau da yawa mutum ɗaya ne da 'yar na'urarsa mai wat 20 ko 100, ya saka waƙoƙi na rabin awa ya kashe. Idan ka murɗa sau ɗaya ka ji shiru ka ce babu kowa, kai ne ka yi gaggawa.

Sai ka san inda suke taruwa. Na Turai sun fi yawa tsakanin kilohaz 6200 da 6400, musamman ƙarshen mako. Na Arewacin Amurka suna kewayen 6925 zuwa 6955, kuma daren 31 ga Oktoba ne babbar kasuwarsu. Zangon nan ya fi tafiya nesa idan duhu ya rufe hanyar da ke tsakaninka da tashar, don haka neman ta nesa da tsakar rana wahalar banza ce.

Akwai kuma wanda zai kama tashar, amma ya ji muryar kamar ana magana da hanci a cikin tulu, sai ya wuce. Ba lalacewa ta yi ba. Da yawa daga na Amurka suna amfani da tsarin watsa murya na USB ne, wato wani nau'in SSB, maimakon AM da rediyo ya saba kamawa. Ka danna maɓallin SSB, ka riƙa murɗawa a hankali har muryar ta daidaita. Rediyon da ba shi da wannan maɓalli ba zai taɓa fitar da ita ba.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne ɗora wa rediyo laifin gida. Na yi makonni ina jin wani zuuu da ya rufe zangon gaba ɗaya, har na fara tunanin sauya akwatin. Wani dare na zare cajar waya daga bango, nan take ƙarar ta ɗauke, sai ga kiɗa can ƙasa-ƙasa yana tasowa yana nutsewa. Ƙwan LED, talabijin da caja masu arha duk suna haddasa wannan. Ka sa wa rediyon batir, ka kashe kayan wuta ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin. Eriya kuma, waya mai tsawon mita 10 zuwa 15 da aka miƙa waje, nesa da wayoyin lantarki, ta wadatar. Idan ta wuce haka takan fi ƙarfin ƙaramin rediyo, ka riƙa jin inuwar manyan tashoshi a inda ba wurinsu ba, ka zaci ka yi babban kamu. Hadari na tasowa, ka cire ta.

Saboda haka kada ka rubuta sunan tasha sai ka ji ta faɗe shi da bakinta. Ka ajiye littafi: kwanan wata, mita, abin da ka ji, da lokaci a agogon UTC, wato GMT, ba na garinku ba. Idan za ka aika rahoto don samun katin QSL, wato shaidar da tasha ke aikowa cewa ita ka kama, ka auna sautin da SINPO, ma'aunin ƙarfi da tsabtar sauti, daga 1 zuwa 5 tsakani da Allah. Cika masa biyar-biyar don ya ji daɗi ba ya amfanar mai tashar da komai.

Daɗin sauraro yakan sa wasu su ce bari su ma su gwada watsawa. Wannan wata magana ce daban. A Amurka dokar 2020 ta ba hukumar sadarwa ta FCC ikon cin masu watsawa ba lasisi a zangon AM da FM tarar da ta kai dala miliyan 2, kuma na'urar da ba a tace ta da kyau ba tana iya kutsawa cikin mitar da jiragen sama ke magana a kai.