Kafin ka sayar da tsohon agogon Baba

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya gaji tsohon agogo, Rolex ko Omega, don Allah kada ya ɗauke shi ya nufi kasuwar Wuse yana tambayar "nawa za ku saya?" In na zinare ne, sikeli za a ɗora shi a ba ka kuɗin nauyinsa kawai.

Fara da lambarsa. A tsohon Rolex, in aka cire madaurin, lambar samfurin na gefen ƙarfe 12, lambar siriyal na gefen ƙarfe 6. Omega kuwa lambar tana ciki, sai mai gyara ya buɗe bayan, kana tsaye a kansa. Sa lambar samfurin a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ka duba waɗanda aka riga aka sayar. Farashin da ke Chrono24, shafin sayar da agoguna, kuɗin da masu kaya ke nema ne, ba lallai a haka ake sallamawa ba. Zaɓi biyar masu kama da naka, ka riƙe farashin tsakiya, ka juya shi da canjin dala na ranar a Zone 4, wurin 'yan canji a Abuja.

Abin da ke ba ni takaici shi ne masu kai shi a goge a inji, ko a sake wa fuskar fenti, wai don ya yi sabo. Kuɗinsa kake zubarwa! Masu tara agogo fuskar asali suke nema, ko da ta dafe. In kwali da takardunsa na nan, kuɗinsa zai ƙaru.