Ganyen Darbejiya a Abincin Kajin Buroila: Inda Masu Kiwo Ke Yin Tuntuɓe

Tun da kuɗin buhun abincin kaji ya yi tashin gwauron zabo, masu kiwon buroila da dama suka waiwayi bishiyar ƙofar gida. A Kano darbejiya ake ce mata, wajen Sakkwato a ce bedi, wasu kuma dogon yaro ko maina. Asalinta Indiya, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Ganyenta na ɗauke da sinadaran da ke yaƙar wasu ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake ɗan barbaɗa garinsa a abincin kaji. Matsalar na farowa ne daga kalmar "ɗan" ɗin nan, domin ita mutane ke mantawa.

Babban kuskure shi ne a ɗauki ganyen a matsayin abin ƙara wa buhu auki. Mutum ya daka tiya guda ya juye a buhu, yana murna ya rage kashe kuɗi. Buroila kuwa kaza ce da ake so ta tashi daga tsako ta kai yanka cikin sati 6 zuwa 8, kuma abincinta na farko, wato sitata, yana buƙatar furotin wajen kashi 22 cikin 100. Ganyen darbejiya yana da harza da yawa wadda hanjin kaza ba ya iya narkarwa sosai, ga sinadarin tanin da ke riƙe furotin, ga uwa uba ɗaci. Kaza ta ɗanɗana ta ji, sai ta rage ci, ta koma tona abincin tana watsarwa. Ranar da mai saye ya ɗaga ta ya ji ba nauyi, dole ka ƙara mata sati guda ko biyu, kuma abincin waɗannan kwanakin ya fi abin da ka yi tsiminsa.

Gyaran shi ne awo. Ni a kan giram 5 na garin busasshen ganye a kilo ɗaya na abinci nake tsayawa, wato giram 125 a buhu mai kilo 25. Wanda ya ga kajinsa sun karɓa yana iya ƙarawa kaɗan, amma ba na ba kowa shawarar ya wuce giram 250 a buhu. A sayi ƙaramin sikeli. "Cikin hannu biyu" ba awo ba ne, hannunka da na yaron da ke kula da kajin ba ɗaya ba ne. Kuma kada a juye garin a bakin buhu a juya sau biyu a ce an gama. A fara cakuɗa shi da kilo ɗaya na abinci, a haɗa wannan da kilo biyar, sannan a game da sauran. In abincin mai ƙwaya-ƙwaya ne, garin zai sulale ya kwanta a gindin mazubi, sai a ɗan shafa wa abincin man gyaɗa ya kama.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne na ruwa. A tafasa ganye har ruwan ya yi duhu, a cika duk mazuban da shi, a ce ana "wanke musu ciki". Kaza tana shan ruwa kusan ninki biyu na nauyin abincin da take ci, da bazara ma fiye da haka. Ba ta gumi. Da haki take fitar da zafi, hakin kuma ruwan jikinta yake cinyewa. Ka ba ta ruwa mai ɗaci a watan Afrilu da tsakar rana, za ta ƙi sha, kafin la'asar ka fara tsintar manyan kajin a kwance, sai ka ɗora wa cuta laifi. In dai za a bayar ta ruwa, a surka shi har ya zama ɗacin da ƙyar harshenka ke ji, a ba su da sassafe na 'yan awanni, a zubar da ragowar, a wanke mazubi a sa ruwa zalla.

Sai wurin da ake tsinko ganyen. Bishiyar bakin titi ƙura ce da hayaƙin mota, ta gefen gona kuma mai yiwuwa feshi ya taɓa ta. Wadda balbela ke kwana a kai, ganyenta fari fat da kashi, ko kusa da ita kada a je. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 masu kiwo suka san abin da kashin tsuntsun daji ke iya jawowa. A wanke ganyen, a baza shi a inuwa inda iska ke ratsawa har ya riƙa karyewa a hannu yana nan da korensa. Rana mai zafi na ƙona amfaninsa, wanda aka tura a leda da ɗanyantakarsa kuma funfuna yake yi, gubar funfuna kuwa hanta take ci. A tsince 'ya'yan tas kafin daka, domin sinadarin azadiraktin da ake haɗa maganin ƙwari da shi a ƙwallon ya fi yawa.

'Yan tsaki a satinsu na farko a ƙyale su su ci su sha. Ni sai sun cika sati biyu nake farawa.

Akwai masu cewa tunda suna ba da darbejiya, sun huta da sayen rigakafi. Babu ganyen da zai tsaya a madadin rigakafin cutar Gumboro da rigakafin Lasota, wato na cutar Newcastle. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato na haɗa waɗannan rigakafin, kuma kuɗinsu bai kai na kaza biyu ba a garken ɗari. Ranar rigakafi ma kada ruwan ganye ya kusanci mazubi, saboda ƙwayar da ke cikin kwalbar rayayya ce, ruwa mai tsabta take so. Haka in aka ga kashin jini, ba lokacin ƙara ɗaci ba ne. A kira likitan dabbobi, a kwashe jiƙaƙƙen ɓuntun da ke ƙarƙashinsu.

Wanda ke son sanin ko ganyen na yi masa aiki, ya raba ɗakin da waya. Kaji 20 a gefe guda suna cin mai darbejiya, 20 a ɗaya gefen suna cin abincin zalla. Kowace Asabar ya ɗora goma daga kowane ɓangare a sikeli, ya rubuta nauyinsu da yawan abincin da suka cinye a littafi. In masu cin ganyen sun fara zama a baya sati biyu a jere, ya raba awon garin biyu, ko ya janye shi gaba ɗaya.