Yadda masu karatu za su kai littafin yaƙi da aljanu gaban kyamara

Duk inda aka zauna hirar littattafan yaƙi da matsafa, ko a majalisar bakin kasuwa a Ringim ko a zauren WhatsApp na matan Gaya, ƙarshenta sai wani ya ce ina ma a yi fim ɗin wannan. Furodusa ba ya saka kuɗinsa don ina ma. Abin da ke motsa shi shi ne ya tarar an riga an share masa rabin hanya, kuma wannan sharar masu karatu za su iya yin ta daga ƙauyensu.

A fara da marubuci, kafin a kira kowa a Kannywood. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta bar wa marubuci ikon yarda ko hana a mayar da littafinsa fim, kuma ikon yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka ayyukansa suna da kariya har ƙarshen 2051. Tsufan littafi ba ya mayar da shi na kowa. A tambayi marubucin ko magadansa, a kuma bincika ko ya taɓa sayar wa maɗaba'a ko wani mai karanta littattafai a YouTube wani ɓangare na haƙƙin. Yarjejeniya a rubuce za a yi ta, da shaidu: littafi na nawa zuwa na nawa aka bayar, na tsawon wata nawa, me za a biya yanzu, me za a biya in fim ya fito, da kuma wa ke da ta cewa in aka zo canza labari. A saka sharaɗin cewa in wata 18 ta wuce ba a fara ɗauka ba, haƙƙi ya koma hannun mai shi. Rashin wannan layi ɗaya ne ke sa labari ya maƙale a hannun mutumin da ba zai yi ba, ba kuma zai saki ba.

Sai yanka labari, wanda shi ne ya fi yi wa masoya ciwo. A rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo. Littafi mai kashi shida ba zai shiga awa biyu ba, don haka fim mai dogon zango ya fi dacewa da shi. A ɗauki kashi na ɗaya kawai, a zauna mutum uku ko huɗu da suka haddace shi, a rubuta kowace fitowa a layi guda: wa ke ciki, a ina, da rana ko da dare. Daga nan a ja layi ƙarƙashin duk inda aka yi siddabaru, a ƙirga. In sun haura biyar a kashi guda na fim mai minti 45, kuɗin edita zai cinye na jarumai. Marubuci yana tara aljanu dubu da jimla ɗaya ba tare da ya kashe ko sisi ba, amma a fim kowane aljani sai an biya. Mafita ita ce a rage nunawa: guguwa ta taso, doki ya ja da baya yana haniniya, fitila ta mutu, a ji murya daga bayan kuka. Wannan ya fi tsoratarwa a kan dodon kwamfuta da yara za su yi wa dariya. Dakaru bakwai masu bin jarumi kuma a haɗe su su zama biyu.

Wurin ɗauka ba matsala ba ne a nan yankin Kano da Jigawa. Akwai duwatsun Dutse da na Rano, akwai kogunan dutse na Birnin Kudu masu tsoffin zane, ga dajin Falgore, ga fadamar Baturiya. Abin da ke ɓata hoto shi ne rufin kwano, turken lantarki, dogon ƙarfen sabis da baƙar leda a kan ƙaya, don haka a je a duba wurin ta cikin kyamara tun kafin ranar aiki. Kunne ma ya yi aikinsa: injin niƙa da babur suna shiga makirufo daga nesa, janareta kuma a ja shi da doguwar waya a ɓoye bayan katanga. Bayan an kawar da amfanin gona ne lokaci mafi kyau, fili a buɗe, ba wanda dawakai za su tattake wa gero, hazon hunturu kuma yana ba hoto kamannin zamanin da. Sai dai ƙura tana cin gilashin kyamara. Izini daga mai unguwa ake farawa, zuwa dagaci, zuwa hakimi, kuma a gidajen sarauta ne ake samun aron lifidi, sulke da kwalkwali in an bi ta hannun da ya dace. Wuraren da gwamnati ke karewa, irin su Falgore, sai da takardar hukumar da ke kula da su.

Da wannan shiri a yi tsakure na minti uku, a fitowa ɗaya tak, wadda masu karatu suka fi ambata. In dole sai an yi amfani da koren ƙyalle, wanda ake ɗaurawa a bayan jarumi don a musanya shi da wani hoto a kwamfuta, a goge shi a ɗaure shi tamau, jarumi ya tsaya mita biyu zuwa uku daga gare shi, kada kuma ya sa koren kaya ko rawani. In ya matso kusa, koren yana haskowa a gefen fuskarsa, sai a ga kunne ya ɓace wajen tacewa. Takubba na katako ko na roba a fesa musu fenti.

Kafin a kashe kuɗi mai yawa a nuna wa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano rubutun, musamman da yake labarin ya ƙunshi tsafi da bokaye. Gyara a takarda ya fi arha a kan sake ɗauka. Tsakuren a ɗora shi da sunan marubuci da yardarsa, a bar shi wata guda. Abin da za a kai wa furodusa shi ne yarjejeniyar, jerin fitowa, hotunan wuraren ɗauka, da shafin YouTube mai nuna mutum nawa suka kalla har ƙarshe da garuruwan da suke.