Yadda zaki hana ƙyallen atamfa zuba kafin ki haɗa zanin gado

Masu haɗa zanin gado ko bargo da ragowar ƙyallaye, irin wanda ake yankawa gida-gida a jera a ɗinke sannan a shimfiɗa soso ko auduga a tsakiya, kun san abin da yafi ɓata aikin nan shine zuba. Ki gama wahalar yanka da jerawa da zaman keke, wankin farko kawai jan ƙyalle guda ya malala cikin fararen dake gefensa, shikenan. Kuma ƙyallayen nan ba daga turmi ɗaya suka fito ba, wani ragowar anko ne, wani daga buhun tela aka kwaso, wani rinanniyar shadda ce, kowanne da halinsa.

Bari in fara da gishiri tunda shi kowa ke faɗa wai yana hana zuba. Gishiri yana da aiki amma a lokacin da ake rinin ne, shi ke taimakawa launi ya bar ruwa ya kama zaren auduga. Yadin da ya riga ya fito daga kamfani kuwa ko buhu guda kika juye masa ba abin da zai ɗaure. Haka ruwan khal, amfaninsa a rinin ulu da siliki da nailan yake, ita kuwa atamfa auduga ce. Duk wadda tace ta jiƙa a gishiri zuba ta tsaya, toh jiƙon ne da ɗaurayar suka yi mata aiki. Abin dake zuba rarar launi ne da bai kama zare ba tun farko, yana zaune ne kawai a jikin yadin yana jiran ruwa, don haka aikinki shine ki fitar dashi tun ƙyallen yana shi kaɗai, kafin almakashi ya taɓa shi.

Ki fara da gwaji don ba kowanne ne ke buƙatar wahala ba. Ki samu farin ƙyalle na auduga ki jiƙa shi, ki ɗora a kan mai launin, ki danna dutsen guga mai zafi na ɗan lokaci sai ki ɗaga ki duba. In farin ya ɗauki ko da alamar launi ne, ware wannan gefe. Ja da maroon da shuɗi mai duhu da shunayya da baƙi su suka fi wannan hali, ni dai ja ko na wane kamfani ne bana yarda dashi sai na gwada. Wani kuma zaki ga ruwan jiƙonsa ya canza amma farin da kika jefa ciki ya fito tas, irin wannan da sauƙi, wanda yake rina farin shine abin tsoro.

Waɗanda suka faɗi gwaji sai jiƙo. Kowane launi da bokitinsa, kada ki haɗa ja da shuɗi wai don ki rage ruwa. Ruwan ya zama mai zafi sosai, wajen digiri 60, in kin haɗa rabin tafasasshe rabin na famfo kin kusa kai wa. Ki zuba sabulun ruwa na wanke-wanke kamar cokali biyu, irin su Morning Fresh, aikinsa ya riƙe launin da ya fita a cikin ruwa kada ya koma jikin yadi. Ruwan ya zama mai yawa har ƙyallen yana iyo a ciki, don in kin cusa yadi biyar a ƙaramar roba launin ba inda zashi sai dai ya sake zama a jikinsu. Ki juya da muciyar da kika daina tuƙi da ita, in ruwan yayi jawur cikin minti goma ki zubar ki sake sabo, sannan ki danne ƙyallen da faranti ko murfin tukunya ya nutse gaba ɗaya ki barshi ya kwana. Wannan dannewar kada ki raina ta, ɓangaren da ya leƙo saman ruwa nan launi ke taruwa ya bar miki layi. Da safe ki ɗauraye har ruwa ya fito fari, ki shanya a inuwa, ya bushe ki sake gwajin guga. Wanda ya sha jiƙo uku yana nan yana zuba ki haƙura dashi, ki yi tsumman goge keke.

Akwai ribar da ke biyo baya, auduga tana ɗan shiga a wankin farko, gara ta gama shigarta yanzu da ace bayan ɗinki wani gida ya tattare wani ya tsaya. Shadda dai ki sani ruwan zafi zai tafi da sitati da sheƙinta, mai adon gwal kuma ruwan ɗumi ya isheta. Ƙananan ƙyallaye ki wanke da hannu kawai, injin wanki zai warware musu baki.

In kina da mai kawo miki kaya daga waje akwai Retayne, ruwan magani ne da masu wannan sana'a a Amurka ke amfani dashi, ƙaramin cokali ɗaya ga yadi ɗaya, a ruwan zafi, minti 20 ana juyawa. Shi yana ɗaure launin da gaske, shi yasa ba'a saka shi a bargon da aka gama ɗinkawa, zai ɗaure har wanda ya zuba a kan farin.

Rinin baba irin na marinar Ƙofar Mata ko turkuɗin Kura lissafinsa daban. Shuni a bayan zare yake kwanciya, yana fita da goga ko ba ruwa, shi yasa zaki ganshi a fatar masu naɗa rawaninsa, kuma Retayne baya kama shi. Maganinsa wanki da ɗauraya akai-akai har farin ƙyalle ya daina ɗauka in kin goga, kuma ko bayan haka ni ba zan jera shi jikin fari ba.

Toh in aikin gama ya riga ya gama, kin ɗinke kin wanke ja ya shiga fari fa? Kada ki shanya, kada guga ta taɓa wurin, kada kuma ki barshi a dunƙule a baho yana jiƙe, nan ne launi ke ƙara ratsawa. Hypo ma ki ajiye, zata cinye har launin da kike so. Ki nemi baho mafi girma a gidan ki maimaita jiƙon nan na ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, bargon a buɗe a nutse, kina canza ruwa duk sanda ya rine. Yawanci tabon yana saki, wani a kwana ɗaya wani sai an maimaita. In zaki shanya ki baza shi a igiya biyu yadda gefe ba zai manne da gefe ba, kuma in na sayarwa ne ki gaya wa mai saye ta riƙa wankewa da ruwan sanyi tana shanyawa nan take.